Uwar Adashi da Littafin da Ba a Gogewa

Shekara talatin da ɗaya ina riƙon adashin matan Sarkin Yara.
Littafina mai shuɗin bango ƙarƙashin katifa yake kwana.
Wadda ta zuba, in ja layi. Wadda ta kwasa, in yi zobe.
Sau ɗaya rak aka ce na ci amana,
alhali gara ce ta ci shafi uku
daminar da katangarmu ta faɗi.

Ga Nafi'u, jikana, bakin tabarma
yana latsa waya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Ya ce, "Iya, an yi wani littafi, bulokcen,
kowa na riƙe da irinsa, daga Daura har birnin Sin.
Gara ba ta cinsa, mai mulki ba ya kankare shi,
kuma ba shi da uwa."
Na ce, adashi ba uwa, wa za a kai wa kuka?
Ya ce lissafi ne uwar.

Ban ƙaryata shi duka ba.
Shekarar da aka garƙame iyaka, Ilu na Damagaram,
ni ina nan da ciwon suga da takardar magani a hannu,
ya turo kuɗin nan nasu, kirifto.
Kafin kunun da na dama ya huce
yaron ya dawo da naira daga mai cirar kuɗi na bakin tasha.
Ba direban da aka roƙa, ba wanda ya yagi rabonsa a hanya.
Ranar, har wayar na sa wa albarka.

Na kuma tuna gonar babanmu ta hanyar Mai'aduwa,
yadda iyaka ta yi ƙafa cikin dare ta matso,
takarda ta ɓace a ofis kamar gishiri a miya.
Da akwai littafin nan, da yanzu muna cin geronmu.
Sai na ce, "To in maƙaryaci ya riga rubutawa fa?"
Nafi'u ya sosa ƙeya. "Sai ta zauna, Iya."
Ashe ƙarya ma an gina mata ɗakin siminti.

Kuɗin kuma ba su da zama.
Da hantsi saniya, da la'asar kaza,
wani dare ko gashin kazar babu.

Amma Mujittafa ɗan Laure ne ya tsaya mini a rai.
Kalma goma sha biyu ce makullin dukiyarsa,
ya haddace, bai faɗa wa ko matarsa ba.
Mota ta kife da su gab da Kazaure.
Malam ya zo rabon gado da alƙalami,
ya ware tumunin takaba, ya ware na marayu,
aka kunna waya, ga adadi yana ƙyalli.
Ruwa ne a ƙasan rijiya, kowa na hango shi,
guga kuwa an binne shi da mai shi.

Ni da Marka ta rasu, kafin sadakar bakwai
na ƙulle kwasarta a gefen zane, na kai wa 'ya'yanta.
Da mijin Kulu ya kwanta asibiti
na matso da ranarta, ba wadda ta ce uffan.
Tambayi lissafinka, Nafi'u,
ya san fuskar macen da ta kwana ba ta runtsa ba?

Bai amsa ba, cajinsa ya kusa ƙarewa.
Na ce, kafin ta mutu, zo nan,
ɗauki hoton kowane shafi, ka tura wa Ilu, ka tura wa Kulu,
ko don gara.
Littafin kuwa miƙo min abina.
Jumma'a kwasar Tasalla ce,
kuma mata biyu ba su kawo zubi ba.